Yadda Ake Kai Iyali Daga Garwa Zuwa Njamena a Motar Haya

Magidancin da ya yi niyyar kwashe iyalinsa daga Garwa zuwa Njamena, ko don biki ko don ziyarar dangi, zai ga cewa ɗaukar hayar mota guda ya fi masa rufin asiri a kan cusa mata da yara cikin motar tasha. Sai dai motar haya dukiyar wani ce, kuma abin da ke tsayar da mutane a bakin iyaka yawanci shi ne rashin takardar da ke nuna cewa mai motar ya yarda a fita da ita daga Kamaru. Saboda haka, tun kafin a yi maganar kuɗi, a gaya wa mai motar a fili cewa Chadi za a je, a kuma faɗi kwanakin da za a yi.

Idan ya amince, sai ya rubuta takardar izini mai ɗauke da lambar motar, da sunan wanda zai tuƙa ta, da ranar fita da ta dawowa, a kai ta ofishin 'yan sanda ko na magajin gari a buga mata hatimi. Amincewar baki ba ta da wani amfani a gaban jami'in duwan, wato kwastam, komai daɗewar amana tsakaninka da Alhajin da ya ba ka motar. Bayan wannan, a karɓi takardar mallakar mota ta asali, wadda direbobi ke kira kat giriz, da shaidar binciken lafiyar mota, da takardar inshora. A kan inshora ne ya kamata a tsaya sosai: a tabbatar akwai kat roz, wato katin da ke sa inshorar ta yi aiki a ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya da Kamaru da Chadi ke ciki, sannan a duba ranar ƙarewarsa da ido, domin katin da zai mutu kana tsakiyar biki a Njamena da shi da babu duk ɗaya ne. A bakin iyaka kuma duwan za su ba motar takardar shiga ta wucin gadi, wadda ake mayarwa ranar fitowa, don haka a adana ta tare da kat giriz.

Galibin masu ba da haya a arewacin Kamaru suna haɗawa da direbansu, kuma a ganina wannan ya fi, ko da maigida ya iya tuƙi. Direban ya san halin motarsa, ya saba da shingayen jandarma, sannan in ya kasance yana jin Larabcin Chadi, to an rage rabin wahala. Abin da ya rage shi ne a rubuta a cikin yarjejeniya wanda zai sayi mai, da wanda zai ɗauki nauyin abincin direba da makwancinsa, da wanda zai biya gyara idan mota ta lalace a hanya. A zagaya motar tare da mai ita, a ɗauki hoton duk wani lotso ko tsagewar gilashi, a duba tayar ko-ta-kwana da jak da na'urar sanyaya iska, domin zafin watan Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, kuma jariri ba zai jure shi a rufaffiyar mota ba.

Takardun mutane sun fi sauƙi. Tun 2017 ƙasashen CEMAC suka janye biza a tsakaninsu, amma kowane babba ya riƙe fasfo ko katin ɗan ƙasa mai rai, kowa da kowa kuma ya zo da katin rigakafin cutar shawara. Yara su tafi da takardar haihuwa. Idan uwargida ta ɗauko ɗan 'yar'uwarta ko wani ɗan riƙo, a nemi rubutaccen izinin iyayensa mai hatimi, domin a iyaka ba a karɓar “ai ɗanmu ne”.

Hanya biyu ce a gaban matafiyi. Tsohuwar ita ce Garwa zuwa Marwa, kimanin kilomita 210, daga nan Mora, Waza, Dabanga har Kusiri, inda ake haye gadar Ngeli a kan kogin Logone a shiga Njamena. Ɓangaren Mora zuwa Kusiri ya daɗe yana fama da lalacewa da matsalar tsaro, saboda haka mai iyali ba ya bin sa da dare, kuma ya tambayi direbobin tashar Marwa halin da ake ciki a ranar da zai tashi. Ta biyun ita ce a karkata a mararrabar Magada zuwa Kaele da Yagwa, a haye sabuwar gadar da ta haɗa Yagwa da Bongor, wadda aka buɗe a 2025, sannan a miƙe arewa ta Gelendeng, tafiyar sama da kilomita 200. Kowace aka zaɓa, a raba tafiyar kwana biyu, a kwana a Marwa ko Yagwa, a isa iyaka da hantsi tun ofisoshi suna aiki. Da damina, musamman Agusta da Satumba, ruwan Logone yakan malale filayen yankin, sai a ƙara bincike kafin a tashi.

Kuɗi ba matsala ba ne, tunda sefa ɗaya ake kashewa a ƙasashen biyu, amma a tanadi canji, domin a kowane shingen karɓar harajin hanya a Kamaru sefa 500 ake biya. Mai kuwa a sha shi a gidan mai na Garwa ko Marwa, a bar zuwa-zuwa, wato man kwalba na bakin titi, tunda injin ba naka ba ne kuma kai za a tuhuma idan ya ƙi tashi. A ɗauki ruwan sha mai yawa, da guzuri, da maganin zazzaɓi, da tabarmar salla. Layin MTN ko Orange zai ci kuɗi da yawa a can, don haka a sayi na Airtel ko Moov da an haye. A kuma ja kunnen yara tun daga gida cewa ba a ɗaga waya a ɗauki hoton gada, ko sojoji, ko fadar shugaban ƙasa a Njamena.