Soso ko Safar Hannu: Yadda Za a Zaɓi Abin Wanke Mota Ba Tare da Lalata Fenti Ba

Yawancin ƙananan karce-karcen da ake gani a jikin mota idan rana ta haska ta, waɗanda suke zagaye-zagaye kamar saƙar gizo, ba a kan titi ake samun su ba, wajen wanki ake samun su. Fentin motocin zamani hawa-hawa ne, kuma shimfiɗar da ke sama, wadda ba ta da launi kuma ita ce ke ba mota sheƙi, kaurinta bai fi maikiron 40 zuwa 50 ba a mafi yawan motoci, wato bai kai kaurin silin gashin kai ba. Ƙwayar yashi ta fi wannan shimfiɗa tauri nesa ba kusa ba, saboda haka duk ƙwayar da aka danna aka ja ta a kan fenti sai ta bar tabo. Wannan ne ya kamata mai mota ya riƙe a ransa kafin ya zaɓi tsakanin soso da safar hannu ta wanki.

Soson katifa, wanda shi ne aka fi gani a wuraren wankin mota, yana da araha, yana ɗaukar ruwa da kumfa sosai, kuma ana samun sa a ko'ina. Matsalarsa tana fuskarsa ne. Fuskar soso a shafe take, kuma ramukanta ƙanana ne, don haka idan ya kwaso yashi daga jikin mota, yashin ba shi da wurin shiga, sai ya maƙale tsakanin soso da fenti, mai wanki kuma ya ci gaba da gogawa da shi daga bonet har zuwa but ba tare da ya sani ba. Akwai soson da aka tsattsaga fuskarsa gida-gida musamman domin wankin mota, wanda tsagoginsa ke ba datti mafaka, kuma wannan ya fi na katifa aminci ƙwarai, sai dai ba kowane shago ne ke da shi ba. Soson wanka na gargajiya, da soson buhu, da soson ƙarfe na wanke tukunya, waɗannan kam bai kamata su kusanci fenti ba ko kaɗan.

Safar hannu ta wanki kuwa ana zura hannu ne a cikinta, kuma jikinta cike yake da gashi ko zaruruwa masu tsawo, waɗanda ke janye yashi zuwa can ciki su nisanta shi da fenti har sai an ɗauraye ta. Iri biyu aka fi sani. Akwai ta maikirofaiba, wadda ake saƙawa da zaren roba mai matuƙar siranta, galibi gaurayen foliyesta da foliyamaid, wata mai gashi lallausa, wata kuma mai kaurarran silili kamar taliya. Akwai kuma ta gashin ɗan tunkiya, wadda ta fi kowacce laushi, amma tana da tsada, tana son lallaɓawa, kuma idan aka ajiye ta a jiƙe fatarta kan ruɓe ko ta bushe ta tsage. A ganina, ga mai motar da yake wanke abarsa a gida, ta maikirofaiba ita ce zaɓin da ya fi dacewa, domin tana jure wanki, tana saurin bushewa, kuma kuɗinta ba ya hana mutum sayen guda biyu. Wani amfaninta da ba a cika ambata ba shi ne, tun da tana sanye a hannu, da wuya ta suɓuce ta faɗi ƙasa, alhali soso mai santsin kumfa yakan faɗi, kuma da yawa sukan ɗauka su ci gaba da aiki da shi.

Lokacin saye, a buɗe gashin da yatsu a duba zurfinsa, domin safar da gashinta gajere ne ba ta fi soso da wani abin kirki ba. A shafa ta a bayan hannu a ji ko akwai ɗinki mai kaushi ko takardar kamfani da ke iya karce fenti, idan akwai a yanke ta. Bakin safar kuma ya kama wuyan hannu da kyau.

Sai dai safa mai kyau ba ta wadatar idan hanyar wankin ba ta gyaru ba, musamman a lokacin hunturu, tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da iska ke kwaso ƙura daga Sahara, har da ta kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta lulluɓe mota cikin dare ɗaya. Kada a taɓa goge wannan ƙura da busasshen tsumma. A fara da kwarara ruwa da tiyo ko da bokiti daga rufin mota zuwa ƙasa har sai mafi yawan ƙurar ta sauka, sannan a kawo bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ruwa zalla. A tsoma safa a ruwan sabulu, a wanke ɓangare guda kamar rufi ko ƙofa ɗaya, sannan a ɗauraye ta sosai a ruwa zalla kafin a mayar da ita cikin sabulu, ta yadda yashin zai zauna a bokitin ɗauraya. Wasu sukan sa wata raga ta roba a gindin bokitin domin ta hana safa taɓa yashin da ya kwanta, kuma dabara ce mai kyau. A riƙa jan hannu a miƙe ba a zagaye ba, kada a danna, a bar nauyin safar da kumfa su yi aikin, kuma a bar ƙasan ƙofofi da bamba sai ƙarshe tun da nan ne laka ta fi taruwa.

A nan ne soso ke da nasa gurbin. Tayoyi da wili suna tara ƙurar birki, wadda ke ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe, saboda haka a ware musu tsohon soso ko buroshi da bokitinsu daban, kada a taɓa kai abin da ya wanke su kan fenti. Game da sabulu kuma, garin sabulun wanki da ruwan wanke kwanoni suna cire man da ke kare fenti, don haka sabulun ruwa da aka yi domin mota shi ne daidai, kuma a yi wankin a inuwa lokacin da jikin motar ya huce, domin kada kumfa ta bushe ta bar zane.

Bayan an gama, a wanke safar ita kaɗai ko tare da tawul-tawul irinta, ba tare da kayan auduga ba, domin tana kwasar zarensu, kuma kada a zuba mata ruwan laushin tufafi, wanda ke toshe zaruruwanta. A shanya ta a inuwa, nesa da zafin wuta, a ajiye ta cikin leda mai tsabta idan ta bushe. Wanda yake kai motarsa wurin masu wanki zai iya ajiye safarsa da tawul ɗinsa a but, ya miƙa musu su yi aiki da su, domin soson da ke wurin ya riga ya bi ta jikin motoci da dama tun safe.