Yadda ake koyon Django ba tare da an ɓace cikin takardun bayaninsa ba

Yawancin masu ajiye Django tun a farkon koyo ba wuyarsa ce ta kore su ba. Bidiyon da aka ɗauka shekaru da suka wuce suke bi, su kwafi kod su liƙa a sabuwar siga, allo ya cika da saƙon kuskure, sai su ɗauka kansu ne ba ya ja. Adrian Holovaty da Simon Willison ne suka fara rubuta wannan tsari na gina shafukan intanet a 2003, a gidan jaridar Lawrence Journal-World da ke jihar Kansas ta Amurka, aka sake shi ga kowa a 2005. Abin da ya shekara 20 ana yi masa gyara, dole a samu tsofaffin darussa birjik waɗanda suka daina aiki.

Da farko, ka tabbata hannunka ya faɗa da Python kansa, wato harshen kwamfutar da aka rubuta Django da shi. In har def da class suna ba ka tsoro, dakata ka koye su tukuna, tare da ɗan HTML.

Na biyu, san sigar da ke kan kwamfutarka. Rubuta python -m django --version, ka duba lambar da ta fito. Sannan ka shiga docs.djangoproject.com, a kusurwar ƙasa ta dama akwai wurin zaɓen siga, ka daidaita shi da taka. Wannan ɗan matakin shi ne mutane suka fi rainawa, kuma shi ya fi jawo musu ciwon kai. Ga misali: tsofaffin darussa suna haɗa adireshin shafi da url(), amma tun siga ta 2.0, wadda ta fito a Disambar 2017, aka kawo path(), a siga ta 4.0 kuma aka cire url() ɗin gaba ɗaya. Wanda ya bi tsohon darasi zai ga ImportError tun kafin ya ga shafinsa na farko. Shawarata ka ɗauki sigar da aka yi wa alamar LTS, wato mai samun kulawa ta dogon lokaci, kamar 5.2 ta Afrilun 2025, domin irinsu ana kula da su na tsawon shekara uku. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma, a wannan kusurwar akwai wurin sauya harshe zuwa Faransanci.

Na uku, bi darasin da su masu Django suka rubuta, wanda ake gina ƙaramar manhajar jefa ƙuri'a. Ka buga kowane layi da hannunka, kada ka kwafa. Kashi na ɗaya yana da daɗi: ka ba da umarnin runserver, ka buɗe 127.0.0.1:8000 a burauza, ka ga roka tana tashi. A kashi na biyu ake cin karo da tudu, wurin rumbun bayanai. Umarni biyu ne ke rikita mutane. makemigrations yana rubuta fayil ne kawai mai bayyana canjin da ka yi, bai taɓa rumbun ba. migrate ne ke aiwatar da canjin. Kamar tela ne, awo daban, ɗinki daban. In ka ƙara wani gurbi a models.py, fayil ɗin da ke bayyana tsarin rumbun, ka manta da ɗayan umarnin nan biyu, shafi zai ce maka “no such column”. Kada ka wuce nan sai ka gwada sqlmigrate, ka ga ainihin SQL ɗin da Django ke rubutawa a madadinka, wato harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi.

Na huɗu, gane cewa takardun iri huɗu ne, kowanne da lokacinsa: darasin masu farawa, bayanin maudu'i mai faɗin dalilin abu, jagorar yadda ake wani takamaiman aiki, da kundin bincike mai jera kowane umarni. Kundin nan ba na karantawa daga farko zuwa ƙarshe ba ne. Sai ka san abin da kake nema kake leƙa shi. Sabon shiga da ya faɗa cikinsa kai tsaye zai fito a gajiye bai tsinci komai ba.

Ka kuma sauke takardun gaba ɗaya, akwai su a HTML da PDF da ePub. Ranar da data ta ƙare ko sabis ya yi rauni, karatu ba zai tsaya ba.

Na ƙarshe, fara naka aikin, ko da rajistar ɗaliban Islamiyya ce ko lissafin kayan shago. Shafin kuskure mai ruwan ɗorawa zai riƙa fitowa. Karanta sunan kuskuren a sama, ka nemo layin da ya ambaci fayil ɗinka, ka bincika sunan a takardun sigarka. Kafin ka ɗora aikin a intanet kuma, ka mayar da DEBUG, saitin da ke kunna shafin kuskuren, zuwa False, domin shafin nan yana tona sirrin tsarinka ga duk wanda ya shigo, sannan ka rubuta python manage.py check --deploy ka gyara abin da ya nuna maka.