Yadda za ka ga ko an buɗe imel ɗin da abokin aikinka ya tura a HubSpot

Abokin aiki ya tafi hutu, ɗan kasuwar Adum da aka tura wa farashi ya yi shiru, oga kuma a ofishinku na Nima yana son bayani yau. Sabon ma'aikaci yakan tsaya a shafin sanarwarsa na HubSpot, manhajar da kamfani ke ajiye bayanan kwastomomi a ciki, yana nema, alhali imel ɗin da shi ya tura kaɗai ke fitowa a can. Daga nan sai ya roƙi kalmar sirrin abokin aikin. Kada ka yi haka. Bayanan mutane ne, kuma dokar kare bayanai ta Gana ta 2012, Act 843, ta hau kan kamfaninku.

Fara da izini, domin nan ake makalewa. Mai kula da manhajar zai shiga Settings, ya buɗe Users & Teams, ya zaɓi sunanka, ya duba kwastomomin da aka yarda ka gani: naka kaɗai, na rukuninku, ko na kowa. In a kan naka kaɗai aka bar ka, ko sunan mutumin Adum ba zai fito maka ba. A ganina na rukuni ya isa, amma sai an sa ku a rukuni ɗaya, kai da abokin aikin, kuma tsarin rukuni na masu biyan kuɗi ne.

Izini ya samu, sai ka nemo sunan kwastoman, ka buɗe shafinsa, ka shiga jerin imel. A jikin kowane saƙo za ka ga sau nawa aka buɗe, da ko an latsa mahaɗi. In babu saƙon gaba ɗaya, wataƙila abokin aikin bai zaɓi Log ba lokacin turawa, wato zaɓin da ke ajiye saƙon a shafin kwastoma. In saƙon na nan babu lissafi, wataƙila Track ya manta, wato zaɓin da ke ƙirga buɗewa.

Kada ka kai wa oga adadin buɗewa a matsayin hujja. Wani ɗan mitsitsin hoto ne ake ɓoyewa cikin saƙon, da ya sauka sai a ƙirga. Tun 2021 manhajar Mail ta Apple ke sauke hotunan da kanta ko mutum bai karanta ba, wanda kuma ya toshe hotuna zai karanta ba a ƙirga ba. Latsa mahaɗi da amsa sun fi abin dogaro.

Lissafin wata guda kuma yana sashen rahotanni. Tace da sunan abokin aikin da kwanakin da kake so.