Yadda Ake Ɓoye Sisin Azurfa da Sauran Alamomin Sa'a a Cikin Fudin Ɗin Kirsimeti

A Ingila ana haɗa fudin ɗin Kirsimeti, wato wani irin kek mai zaƙi da ake turarawa, a ranar Lahadi ta ƙarshe kafin makonni huɗun jiran bikin, wato wajen ƙarshen watan Nuwamba, domin ya samu lokacin kwanciya ɗanɗanonsa ya kama. Ana cuɗa zabibi da garin burodi da kitsen saniya da ƙwai da sukari da kayan ƙamshi a babban kwano, sannan kowa a gidan, har da ƙananan yara, ya karɓi muciya ya juya daga gabas zuwa yamma yana ƙudurta burinsa a zuci. A wannan lokaci ne a al'adance ake jefa sisin azurfa da sauran ƙananan alamomin sa'a a cikin kwaɓin.

Da farko a zaɓi abin da za a ɓoye, a kuma san ma'anarsa tun kafin a zauna cin abinci. Sisin azurfa shi ne kan gaba, kuma wanda ya tsince shi a rabonsa ana yi masa fatan wadata a shekara mai zuwa. Zobe na nuna aure ya kusa, maɓallin riga na nufin namiji zai ƙara shekara ba aure, hular yatsa ta masu ɗinki kuma ana fassara ta da zaman mace ba miji, ko kuma tattali. Akwai ƙaramin ƙashin ƙirjin kaza mai reshe biyu da aka ƙera da azurfa domin sa'a, da ankar jirgin ruwa wadda ke nufin sauka lafiya. A ganina, idan a cikin baƙi akwai wanda zancen rashin aure zai sosa wa rai, gara a bar maɓalli da hular yatsa a aljihun tebur, domin an yi abin ne don kowa ya tashi da farin ciki.

Batun ƙarfen da aka yi kuɗin da shi ya fi komai muhimmanci. Sisin Birtaniya na kafin 1920 kusan azurfa ce zalla, daga 1920 zuwa 1946 rabinsa azurfa ne, amma daga 1947 aka koma haɗin jan ƙarfe da nikel, wanda ba a so ya daɗe yana dahuwa cikin abinci mai zaƙi da tsami, saboda yana iya ɓata ɗanɗano ya kuma sauya launin wurin. Tun 1980 aka daina karɓar sisi a matsayin kuɗi, shi ya sa iyalai da yawa ke adana guda ɗaya suna gadar da shi. Duk abin da aka zaɓa, a goge shi da sabulu, a tafasa shi na mintuna goma, a bar shi ya bushe, sannan a naɗe shi tam a takardar gasa burodi don ya ƙara girma yadda ba za a haɗiye shi cikin rashin sani ba.

Akan turara fudin ɗin na awa shida zuwa takwas a ranar haɗi, sannan a sake turara shi kamar awa biyu ranar 25 ga Disamba. Hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce a jinkirta ɓoyewar har sai an juye shi a faranti, a tsaga ƙasansa da bakin wuƙa a tura alamomin a wurare daban-daban. Kada a taɓa sa shi a na'urar ɗumama abinci ta microwave alhali da ƙarfe a ciki.

Kafin a fara rabo, mai gida ya sanar da kowa adadin abubuwan da ke ciki, a kuma farfasa rabon yara da na tsofaffi da cokali kafin a miƙa musu. Bayan an gama a ƙirga alamomin, a tabbatar sun cika, kafin a ajiye ragowar fudin ɗin.