Yadda mai ciwon hanta na garkuwar jiki za ta kare ɗan da ke cikinta

Wannan ciwon daban yake da ciwon hanta nau'in B da ake ɗauka. Garkuwar jikin mace ce ke juyowa tana yaƙar hantarta, don haka jariri ba ya ɗaukarsa, ko ta nono. Abin tsoron shi ne ciwon ya tashi ana da ciki: ɓari, haihuwar bakwaini, jariri ɗan mitsitsi, wani lokaci ya zo babu rai.

Tun kafin cikin za ki fara shiri. Likitoci sun fi so ciwon ya kwanta shekara guda tukuna. In maganin danne garkuwar jiki mai suna mycophenolate kike sha, dole a canja miki, domin yana nakasa ɗan tayi.

Inda matanmu ke faɗuwa shi ne ranar da suka yi ɓatan wata. Nan take a watsar da prednisolone da azathioprine, magungunan da ke kwantar da ciwon, wai kar su taɓa yaro. Uwar miji ta ce magani mai ƙarfi ne, mai kemis ya gyaɗa kai. Can sai ido ya yi rawaya, a ce shawara ce, a kawo jiƙo da sassaƙe a ɗura wa hantar da ta riga ta jigata. Magungunan nan biyu ana ci gaba da shan su har haihuwa, tashin ciwon ya fi su haɗari ga yaron nesa ba kusa ba. Ko rabin ƙwaya kar ki rage sai da bakin likitanki. Prednisolone kuwa ba a yanke shi rana ɗaya.

Awon ciki a babban asibiti za ki yi, asibitin tarayya na Gusau ko na Yariman Bakura. Na san kuɗin mota daga Anka ko Shinkafi ba wasa ba ne, amma gwajin hanta aƙalla duk wata uku ba shi da madadi. Ki nemi a duba miki anti-Ro a jini, wani sinadari ne da garkuwar jikin wasu mata ke samarwa. In akwai shi, yana iya rage bugun zuciyar jariri, shi ya sa ake bibiyar zuciyar jaririn daga sati 16 zuwa 26. A auna suga tsakanin sati 24 da 28. Ƙaiƙayin tafin hannu da na ƙafa cikin dare, ki koma asibiti washegari.

A haihu a asibiti. Ciwon ya fi tashi a wata ukun farko bayan haihuwa, daidai lokacin da aka tafi gida wankan jego. Ki tafi da magungunanki, kuma ranar da likita ya sa miki ki koma ko ba ki yi arba'in ba.