Ga 'yar'uwar da ke son aikin renon yara a Amurka

'Yar'uwa, idan kin sauka Amurka da takardar izinin aiki a hannu, da wuya ki yi mako biyu wata ba ta ce miki ki nemi aikin renon yara ba. Gaskiyarta kuwa, gidajen reno kullum cikin neman ma'aikata suke. Sai dai goyon ƙannen da kika yi tun kina 'yar shekara tara, yaro ne kawai zai shaida shi. Hukuma takarda take tambaya.

Kowace jiha da dokarta, amma a wurare da yawa shekara 18 da takardar kammala sakandare sun isa a ɗauke ki mataimakiya. Idan takardarki ta gida ce, akwai masu tantance ta irin su WES. Idan babu ita, sai ki zauna jarrabawar GED, wadda ake karɓa a madadin takardar kammala sakandare. Tun wata dokar tarayya ta 2014 kuma, duk mai aiki a gidan reno mai lasisi sai an ɗauki zanen yatsunta an tura wa FBI, an duba ko an taɓa kama ta da cutar da yaro. Kada ranki ya ɓaci, kowa ake yi wa. Za a kuma nemi ki koyi taimakon gaggawa da yadda ake farfaɗo da jaririn da numfashinsa ya tsaya.

Inda nake so ki sa ƙarfinki shi ne takardar CDA, wato shaidar ƙwarewa a aikin renon ƙananan yara. Ana buƙatar awa 120 na karatu kan tarbiyyar ƙananan yara, da awa 480 na aiki da su, sai jarrabawa, sannan wani ya zo ajinki ya zauna yana kallon yadda kike tafiyar da yara. Shekara 3 take yi a sabunta. Awa 480 ɗin nan kina aiki kina karɓar albashi kike tara su, wato kamar wata uku ga mai yin awa 40 a mako. Saboda haka tun ranar ganawar ɗaukar aiki ki tambayi shugabar wurin ko suna taimakawa da kuɗin karatun. Wasu jihohin ma suna da tallafin karatu na T.E.A.C.H. Wanda bai tambaya ba ba a ba shi.

Maganar kuɗi kuwa, ba zan yi miki rufa-rufa ba, albashin bai kai wahalar ba. Alƙaluman ma'aikatar ƙwadago na 2023 sun nuna matsakaicin abin da mai reno ke samu dala 14.60 ne a awa, wajen dala 30,000 a shekara kafin a cire haraji. Idan kin cire kuɗin haya a gari irin Niyok, kin san abin da ya rage. Abin yana ci mini rai, ganin matar da aka damƙa wa jarirai huɗu tana karɓar abin da mai tsayawa a kanti ke karɓa. Karatu ne ke ɗaga shi. Mai CDA tana iya shiga shirin Head Start na gwamnatin tarayya a matsayin mataimakiyar malama, mai digiri kuma ta riƙe aji nata.

Abin da ya fi kayar da mutanenmu ba takarda ba ne, sabo ne. Ba a dukan yaro, ko ɗan ranƙwashi, ko jan kunne, ko tsawa mai firgitarwa. Aikin zai iya tafiya a ranar, har sunanki ya shiga rajistar da za ta bi ki jiha-jiha. Jariri kuma rigingine ake kwantar da shi, a gadonsa shi kaɗai, ba bargo ba matashi, don gudun mutuwar farat ɗaya cikin barci. Hannunki zai riƙa ƙaiƙayin ki lulluɓe shi idan kin ji sanyi, ki daure. Yaro ya faɗi ya kuje gwiwa, sai ki rubuta lokaci da yadda abin ya faru, uwar ta sa hannu da yamma. Idan kuma kin ga tabon duka a jikin yaro, doka ta ɗora miki kai rahoto, ko da iyayen 'yan garinku ne.

Wasu za su ce ki tara 'ya'yan maƙwabta a falonki a riƙa ba ki kuɗi a hannu. Kafin ki karɓi yaro na farko, ki kira ofishin lasisin reno na jiharki ki ji yara nawa aka yarda a riƙe ba lasisi, don adadin ya bambanta ƙwarai daga jiha zuwa jiha. Kuɗin hannu kuma ba ya barin shaidar albashi, alhali ita mai gidan haya zai fara tambayar ki ranar da kika tashi kama ɗakin kanki.