Yadda ƙaramin banki a Zamfara zai nemi sassauci daga Babban Banki

Duk mai tafiyar da ƙaramin bankin bayar da rance a Gusau, Ƙauran Namoda ko Talata Mafara ya san cewa lasisin da Babban Bankin Najeriya ya ba shi yana tafe da sharuɗɗa, kuma dokar bankuna ta BOFIA ta 2020 ta ba Babban Bankin ikon karɓe shi. A 2023 an soke lasisin ƙananan bankuna 179, kuma cikin dalilan da aka bayar har da daina aiki wata shida a jere. Don haka kafin manaja ya ɗauki biro ya nemi sassauci, sai ya tantance abin da ke wuyansa.

Jari ne kan gaba: naira miliyan 50 ga ƙaramin banki na karkara, miliyan 200 ga na birni, biliyan 1 ga mai lasisin jiha. Sai rahoton da ake aika wa Babban Banki kowane wata, da kuma dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022, wadda ta wajabta sanar da NFIU, hukumar tattara bayanan sirri kan harkar kuɗi, cikin kwana bakwai idan hada-hada guda ta mutum ta haura miliyan 5, ko ta kamfani ta haura miliyan 10. A ganina, neman a ɗage wannan na ƙarshe ɓata takarda ne, tunda Majalisa ce ta kafa shi.

Inda aka saba samun sauƙi shi ne ƙarin lokaci da izinin sake tsara bashi. A 2020, lokacin korona, Babban Banki ya yarje wa bankuna su tsawaita wa'adin biyan bashin abokan hulɗarsu, ya kuma ɗage wa ƙananan bankuna ranar cika jari zuwa Afrilun 2022. Banki a Zamfara ba ya rasa hujja irin wannan, domin manomin da 'yan bindiga suka hana zuwa gona ba zai biya rance a kaka ba, kuma da aka katse layukan waya a jihar a Satumban 2021, aika rahoto ta intanet ma ya zama aiki.

A rubuta takardar tun wa'adi bai cika ba, bayan hukumar daraktoci ta zauna ta amince a rubuce. A ambaci ainihin ƙa'idar da ake son a sassauta, da tsawon lokacin da ake buƙata, da yadda za a koma kan layi, sannan a haɗa jerin basussukan da abin ya shafa da ƙauyukan da masu bashin suke. Takardar da ta tsaya kan koke-koken rashin tsaro kawai ba ta da nauyi. A aika ta sashen Babban Banki mai kula da ƙananan cibiyoyin kuɗi, a riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.

Har amsa ta zo a rubuce, ƙa'idar tana nan daram, kuma alkawarin baki daga wani jami'i ba ya kare banki daga tara. Ko reshen da ke cikin haɗari ba a rufe shi dindindin sai da rubutaccen izini. A kuma gaya wa masu hannun jari tun da wuri cewa sauƙin yana iya zuwa da sharaɗi, kamar yadda a Yunin 2025 Babban Banki ya hana bankunan da ke ƙarƙashin sassauci raba riba da biyan daraktoci alawus na musamman.